CLK GTR motar titi ce, ko motar tsere aka liƙa wa lamba?

Abdulhadi: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana. Na ga ana lissafa Mercedes-Benz CLK GTR tare da McLaren F1 da Porsche 911 GT1 a matsayin manyan motocin titi na shekarun 1990, kuma ni abin bai kwanta min ba. McLaren F1 na yarda, don mutane aka ƙera ta, daga baya aka kai ta tsere. Amma CLK GTR ai motar tsere ce aka sa wa kujerar fata da lamba don a rufe bakin hukuma. Me ya sa za a haɗa su sahu ɗaya?

Nura: Wa alaikumus salam. Tana da lamba, tana da fitila, tana da na'urar sanyaya ɗaki, kuma hukumomin Jamus sun yarda ta hau titi. Me ya rage kuma?

Abdulhadi: Lamba ba ita ce mota ba, Nura.

Injiniya Kabiru: Kafin ku yi nisa, bari mu fara da dokar, don ita ce ta haifi motar. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta karɓi ragamar gasar motocin GT, wato motocin titi masu gudu da ake kai wa tsere, a 1997, kuma sharaɗin babban ajinta, GT1, shi ne duk motar da za ta shiga sai kamfaninta ya ƙera guda 25 na titi waɗanda mutum zai iya saya. Manufar a fili take: a ga motocin da attajirai ke hawa suna fafatawa da juna, irin su Ferrari F40 da McLaren F1.

Mercedes kuwa a lokacin tana zaune ne babu wurin tsere. Gasar ITC da take yi, wadda ta gaji gasar DTM ta Jamus, ta ruguje a ƙarshen 1996 bayan Opel da Alfa Romeo sun janye saboda tsadar abin. Ga ma'aikatan AMG masu haɗa mata motocin tsere, ga kuɗi, ga direbobi, babu gasa. Sai suka karanta dokar GT1 suka ga babu inda aka ce dole motar titin ta riga ta tseren zuwa duniya a tunanin mai zane. Suka zana motar tsere tsantsa, suka gama ta cikin kwana 128, suka yi alkawarin na titin za su biyo baya. Kuma sun biyo, amma sai ƙarshen 1998 zuwa 1999, lokacin da motar ta riga ta cinye kofunanta. Guda 20 masu rufi aka yi, daga baya aka ƙara 6 marasa rufi.

Abin da ya haɗa ta da CLK ta gama-gari kuwa bai wuce fitilu da ragar gaba da 'yan tarkacen gaban direba ba. Injin ma a bayan direba yake, V12, wato mai silinda 12.

Nura: To ai ka faɗa da bakinka, Injiniya. Sun cika alkawari. Porsche fa da ta fara wannan wayon a 1996, me ya sa ba a zaginta?

Injiniya Kabiru: Ana zaginta mana. 911 GT1 gabanta na 911 ne samfurin 993, bayanta kuma daga 962 aka ɗauko, motar da ta yi shekaru tana cin Le Mans, tseren awa 24 da ake yi a Faransa. An juya injin ya koma tsakiya, an sa masa sanyaya ta ruwa a lokacin da 911 ta titi take amfani da iska. Amma ko ba komai akwai guntun motar titi a jikinta. Mercedes ko wannan kunyar ba ta ji ba.

Baba Ɗanlami: Yara, ku koma baya kaɗan. Ba Porsche ta 1996 ce ta fara ba. A 1994 akwai wani Bajamushe, Jochen Dauer, da yake ɗaukar Porsche 962 ta tsere yana mayar da ita ta titi. Masu shirya Le Mans a shekarar mota ɗaya tak ta titi suke nema kafin su karɓe ka a ajin GT. Porsche ta ga ƙofa a buɗe, ta ɗauki motar Dauer ta sake mayar da ita ta tsere. Wato motar tsere ta zama ta titi, ta titin ta koma ta tsere, kuma da wannan zagayen ta samu tankin mai mafi girma fiye da na motocin da aka ƙera don tsere zalla. Ta ci gasar gaba ɗaya. Tun daga ranar kan mage ya waye, kowane kamfani ya ɗauki lauya ya zaunar kusa da injiniya.

In ma tarihi kuke so, a 1962 dokar ta ce a ƙera guda 100, Ferrari ta ƙera 250 GTO guda 36 kacal, ta ce ai ba sabuwar mota ba ce, gyaran 250 GT ce. Aka karɓa. Da ta zo da 250 LM tana son maimaita wasan, hukuma ta ce a'a, mai inji a tsakiya ba za ta zama gyaran mai inji a gaba ba. Yau wa yake kiran GTO motar maguɗi?

Sadiq: Baba ya zo da kundin tarihi, kowa ya gyara zama 😂

Maryam: Baba, da girmanka, amma misalin GTO bai zauna daidai ba. GTO mutum yana iya tuƙa ta daga gida zuwa filin tsere, ya yi tseren, ya tuƙo ta ya dawo. A zamanin tazarar da ke tsakanin motar titi da ta tsere ba ta da faɗi. A 1997 tazarar ta zama rami. Tambayar Abdulhadi ita ce ko CLK GTR tana aikin motar titi, ba ko doka ta amince da ita ba.

Baba Ɗanlami: 'Yata, maganarki tana kan hanya. Amma menene aikin motar titi? In ɗaukar iyali ne, McLaren ɗin ma ba ta yi.

Maryam: McLaren tana ɗaukar mutum uku, Baba. Direba a tsakiya, fasinja ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun ɗan ja baya. Tana da ma'ajiyar kaya a gefe biyu, har da jakunkunan da aka ɗinka daidai wurin. Gordon Murray, wanda ya zana ta, ya sa Kenwood ta ƙera mata na'urar faifai marar nauyi ta musamman. Ya faɗa da kansa cewa Honda NSX ce ma'auninsa wajen laushin tafiya. Mutumin da yake tunanin inda za ka sa jakarka da abin da za ka saurara a hanya, motar titi yake zanawa. Kuma bai so a kai ta tsere ba. Masu saye ne, Ray Bellm da Thomas Bscher, suka matsa har kamfanin ya yarda ya yi F1 GTR, samfurinta na tsere.

Ga abin da ya fi burge ni. Ta titin tana da inji V12 na BMW mai lita 6.1, ƙarfin doki 627. Da za a kai ta tsere sai da aka shaƙe mata iska don bin doka, ƙarfin ya sauko zuwa wajen 600. Motar tseren ta fi ta titin rauni a inji! Kuma a haka ta je Le Mans a 1995, zuwanta na farko, ta ɗauki na 1 da na 3 da na 4 da na 5 da na 13.

Nura: Ruwan sama ne ya ba ta. Kowa ya sani.

Maryam: Ruwan a kan McLaren kaɗai ya sauka?

Injiniya Kabiru: Nura yana da ɗan gaskiya a nan, ko da yake ya faɗe ta da tsokana. Abin da McLaren ta fi tsoro a tseren awa 24 shi ne akwatin giyarta, don ba a ƙera shi don wannan azabar ba. Ruwan da aka kwana ana yi ya rage gudu, ya sauƙaƙa wa giya, ya kuma rage fifikon da motocin tsere zalla suke da shi. Amma ruwa ba ya tuƙi. JJ Lehto ne ya yi abin mamaki cikin dare, yana cin tazara a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Abokan tuƙinsa Yannick Dalmas da Masanori Sekiya, wanda ya zama ɗan Japan na farko da ya ci Le Mans gaba ɗaya. Motar Courage da Mario Andretti yake ciki ita ta zo ta 2.

Sadiq: Dalmas ɗin nan dai kamar da shi ake haɗa baki. Shi ne a motar Dauer ta 1994, shi ne a McLaren ta 1995.

Injiniya Kabiru: Ƙara da Peugeot a 1992 da BMW a 1999. Nasara huɗu, kamfani huɗu.

Nura: To ku saurara. Kuna ta yabon McLaren, amma da Mercedes ta shigo a 1997 me ya faru? Tsere 11 aka yi, Mercedes ta ci 6, Bernd Schneider ya ɗauki kambu. A 1998 tsere 10, Mercedes ta share duka 10, Klaus Ludwig da Ricardo Zonta suka zama zakaru. Ita McLaren ɗin da kuke cewa mai tsarki, ba ta tsawaita jelar motarta ba a 1997? Ba ta ƙera F1 GT guda 3 na titi don kawai a amince da doguwar jelar ba? Kowa ya shiga ruwan, wanda ya fi iya iyo ne kuke jin haushi.

Abdulhadi: McLaren ta yi haka ne don kare kanta, bayan Porsche ta ɓata wasan.

Nura: Dalili dai kowa yana da shi.

Hafsat: Ni tambaya ce da ni. Da gaske ne Mercedes ta sayi McLaren a ɓoye don ta gwada kayanta?

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne, Malama Hafsat. AMG ta sayi F1 GTR daga hannun ƙungiyar Larbre ta Faransa, ta sauya mata bodi da irin wanda take shirin sa wa tata motar, ta yi gwaji da ita tun kafin CLK GTR ta farko ta kammalu. Yana cikin abin da ya sa kwana 128 ɗin suka yiwu. Babu dokar da ta hana, motar sayarwa ce, duk mai kuɗi zai iya saya.

Maryam: Wannan ma hujja ce a gare ni. An iya sayen McLaren saboda akwai ta a kasuwa. A 1997 wa zai iya sayen CLK GTR ya gwada? Babu ita.

Sadiq: Nura, an ci ka 1 da nema.

Nura: Ba a tashi wasa ba tukuna.

Baba Ɗanlami: Bari in ba ku wanda ya fi duka rainin wayo, don ku san Mercedes ba ita ce ƙarshe ba. Toyota GT-One ta 1998. A Kolon ta Jamus aka ƙera ta, André de Cortanze ya zana. Dokar ta ce motar GT dole ta kasance da wurin da akwatin tafiya zai shiga. Toyota ba ta da but ko na sisin kwabo. Sai suka ce wa masu dubawa ai tankin mai in babu mai a ciki fili ne, kuma akwati zai shiga. Aka karɓa! Guda 2 kawai suka yi na titi. Nissan kuma R390 guda 1 ta yi.

Hafsat: Baba, to ina sharaɗin 25 ɗin?

Baba Ɗanlami: Hukuma biyu ce, 'yata. FIA ce mai gasar shekara, ita ke neman 25. Le Mans kuwa ƙungiyar ACO ce ke shirya ta da dokokinta, ita mota ɗaya ta ishe ta. Toyota da Nissan Le Mans suka sa a gaba, ba su shiga gasar FIA ba, don haka ba su da dalilin wahalar da kansu. In aka bi ta nan, Mercedes da Porsche sun ma fi su ƙoƙari.

Nura: Allah ya ƙara girma, Baba. A rubuta wannan.

Injiniya Kabiru: Mu dawo kan motar kanta, don har yanzu ba mu shiga cikinta ba. Ƙofar tana ɗagawa sama da gaba. A ƙarƙashinta akwai dakali mai faɗi, domin gangar jikin kwarya ɗaya ce ta zaren kabon, kuma ƙarfinta a waɗannan gefunan yake. Sai ka zauna a kan dakalin, ka zura ƙafafu, ka sunkuyar da kai, sannan ka zame cikin kujera. Ɗakin matsattse ne, kafaɗarka tana gogar ta fasinja, alhali motar a waje faɗinta ya kusa mita 2. 'Yar ma'ajiyar kayan da ke akwai a cikin waɗannan dakalan take.

Injin na titi lita 6.9 ne, ƙarfin doki 612, ya fi na tseren girma, wanda yake lita 6. An ɗaure shi kai tsaye a jikin kwaryar, shi kansa yana cikin abin da ke riƙe bayan motar. A motar gida akwai robobi tsakanin inji da jiki da ke shanye girgiza. A nan duk motsin injin a bayanka yake sauka. Giya 6 ce ta jeri irin ta tsere, kana canzawa da 'yan faranti a bayan sitiyari, amma akwai kulochi a ƙasa da za ka taka. Irin wannan giyar tana son gudu. A cunkoso, inda za ka tashi ka tsaya ka sake tashi, wahala ce gare ta da kai. Ƙasan motar kuma ya kusa shafar kwalta, ƙaramin tudu sai ka yi masa dabara.

To Abdulhadi, in ma'auninka jin daɗin tafiya ne, ka yi gaskiya. Amma ni a wurina wannan rashin daɗin shi ne darajarta. Wanda ya biya sama da dala miliyan 1.5, kuɗin da ya sa ta shiga kundin Guinness a matsayin mota mafi tsada a lokacin, ba laushi ya je saya ba. Ya sayi abin da Schneider yake zama a ciki ne, da ɗan fata a kai.

Abdulhadi: Na gode Injiniya. Amma ka ga ka ƙarfafa maganata ne. Ka ce abin da Schneider yake zama a ciki. Motar tsere ke nan.

Injiniya Kabiru: Ban musa ba. Inda muka rabu shi ne kai kana ganin hakan aibi ne.

Maryam: Aibin ba a jikin motar yake ba, a abin da ta jawo yake. Bayan 1998 wa ya rage a GT1? Porsche ta tafi, McLaren ta riga ta tafi, ƙananan ƙungiyoyi masu sayen mota su yi tsere ba su da kuɗin bin wannan hauka. A 1999 FIA ta soke ajin gaba ɗaya saboda babu masu shiga. Gasar da ta fara da attajirai masu son tsere da motocinsu, cikin 'yan shekaru ta mutu a hannun manyan kamfanoni.

Nura: Laifin mai rubuta doka ne. Aikin injiniya ya nemi inda doka ta yi sako-sako. In ba ka so a wuce, ka rufe ƙofar.

Hafsat: CLK GTR ɗin ce wadda ta tashi sama a Le Mans? Na taɓa ganin hoton bidiyon, mota tana juyi a iska kamar takarda.

Nura: A'a! Wannan ƙaryar ta daɗe tana yawo. CLR ce ta 1999, wata mota daban. CLK GTR ba ta taɓa yin tseren Le Mans ba ma.

Sadiq: Ka ce ba ta taɓa zuwa ba kamar abin alfahari ne 😂

Injiniya Kabiru: Nura ya yi daidai, mota uku ce. CLK GTR mai V12 ta 1997. CLK LM mai V8 ta 1998, wadda ta fi kowa sauri a gwajin neman sahun tashi na Le Mans, amma duka biyun da aka shigar suka mutu tun a awannin farko da matsalar inji, Porsche ta ɗauki na 1 da na 2. Sai CLR ta 1999, wadda ba a ma nemi ta titi ba saboda an sauya ajin.

Abin da ya faru da CLR kuwa lissafin iska ne. Ƙasan motar shafaffe ne, hancinta dogo, jelarta doguwa, kuma an rage abin da ke danna ta ƙasa don ta yi gudu a miƙaƙƙun hanyoyin Le Mans. Muddin hancin yana kallon ƙasa kaɗan, iska danna ta take yi. Amma in ta hau ɗan tudu da gudun kusan kilomita 300 a awa, kuma tana bin bayan wata mota wadda ta yamutsa iskar da ya kamata ta danne gaban, sai hancin ya ɗaga. Da ya wuce wani mizani, iska ta shiga ƙarƙashi, faffaɗan cikin nan ya zama fiffike. Daga nan direba ɗan kallo ne, sitiyari da birki ba su da amfani tunda taya ba ta taɓa ƙasa.

Motar direba Mark Webber ta tashi sama ranar Alhamis a gwaji, aka gyara ta, ta sake tashi ranar Asabar da safe. Mercedes ta ƙara 'yan fukafukai a gaban sauran biyun, ta gargaɗi direbobi kada su matse wa wata mota baya a kan tudu, ta shiga tseren. Bayan 'yan awanni Peter Dumbreck yana bin Toyota ta Thierry Boutsen a hanyar zuwa kwanar Indianapolis, motar ta tashi, ta yi juyi a sama, ta tsallake shinge ta faɗa wani fili da aka sare itatuwansa. Ya fita da ransa. Nan take aka janye ta ukun, kuma shirin ya mutu daga ranar.

Baba Ɗanlami: Abin da ya sa hankalin kowa ya tashi, sunan Mercedes da Le Mans yana da tsohon tabo. A 1955 motar Pierre Levegh ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka rasu, kamfanin ya bar tsere shekaru masu yawa. Shi ya sa ni har gobe ina ganin bai kamata su shiga tseren 1999 ba bayan tashi biyu. Allah ne ya tsare kawai.

Nura: A nan kam ba ni da ta cewa, Baba. Sai dai a sani ba su kaɗai ba ne. Porsche GT1 ta yi irin wannan juyin a Road Atlanta ta Amurka a 1998, BMW ma ta yi a wurin a 2000.

Sadiq: Wa ke cikin Porsche ɗin?

Nura: Dalmas.

Sadiq: Na faɗa muku da shi ake haɗa baki!

Maryam: Mu koma kan ma'auni ɗaya da ba ya son kai, wato gwanjo. A 2021 an sayar da McLaren F1 a kan sama da dala miliyan 20, alhali guda 106 aka ƙera, 64 daga ciki na titi zalla. CLK GTR ba ta kai 30 ba, amma ba ta kamo wannan kuɗin ba. Wadda ta fi yawa ta fi tsada. Masu kuɗin sun nuna wadda suke so.

Injiniya Kabiru: Gwanjo yana auna sha'awa ne, Malama Maryam, kuma McLaren tana da abubuwa biyu da ke ɗaga ta: kofin Le Mans, da gudun kilomita 386 a awa da Andy Wallace ya yi da ita a 1998. Amma in gwanjo ne alƙali, motar da ta fi kowace tsada da aka sani ita ce Mercedes 300 SLR Uhlenhaut, yuro miliyan 135 a 2022. Guda 2 aka yi, kuma motar tsere ce da aka yi wa rufi, injiniyan da ya ƙera ta yana hawa titi da ita. Kakar CLK GTR ce a wannan ɗabi'ar.

Abdulhadi: To yanzu fa? Akwai mai yin irin wannan?

Injiniya Kabiru: Dokar yau ba ta tilasta wa manyan motocin Le Mans su sami 'yan'uwa na titi, shi ya sa Ferrari 499P da Toyota GR010 ba su da su. Wadda ta bi tsohuwar hanya ita ce Aston Martin Valkyrie, zanen Adrian Newey, mai V12 na Cosworth lita 6.5. Ta fara a motar titi, ta shiga Le Mans a 2025, kuma ita ma sai da aka rage mata ƙarfi aka cire mata taimakon lantarki. Mercedes kuma ta sake yin nata salon da AMG One, guda 275, ta ɗauko injin Formula 1 mai lita 1.6 ta sa a motar titi. Ya ɗauke su shekaru fiye da yadda suka yi alkawari, don injin da aka saba tayarwa da tawagar injiniyoyi sai an koya masa tsayawa shiru a danja da bin dokar hayaƙi.

Maryam: Kuma bayan kilomita 50,000 sai an sauke injin an sake haɗa shi.

Nura: Nuna min mai AMG One ɗaya da zai kai 50,000 ɗin tukuna.